Zare a Bakin Allura

Shagona yana kan hanyar Ƙofar Ƙwaya,
tsakanin mai faci da Lurwanu mai wankin hula.
Shekara goma sha ɗaya muna raba inuwa guda,
shi da hulunansa a jere suna shan rana,
ni da tsohon keken ɗinki mai tari kamar ɗan taba.
Ran Juma'a ni ke tsare masa kaya,
ran Lahadi shi ke ce wa masu zuwa,
"Timo na majami'a, ku dawo da la'asar."

Da daminar bara muka kai Afiniki makwanci.
Shekararta tara. Zazzaɓi, kwana huɗu kacal.
Lurwanu ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma,
bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Bayan mako guda na buɗe shago.
Ina taka keke, ashe bakina yana rera waƙar sujada
ni ban ma sani ba.
Sai ya ajiye burushi, ya share kumfa a gwiwa,
ya ce, "Timo, don Allah in tambaye ka.
Abin nan da ke riƙe da kai, mene ne?
Ni da na rasa ƙanena
shekara na yi ban san ɗanɗanon tuwo ba."

Ga ƙofa a buɗe, ba ni na ƙwanƙwasa ba.
Na dubi titi, na dubi yaran mai faci,
maƙogwaro ya ƙafe kamar rijiyar bazara.
Na ce, "To, sai haƙuri. Duniya ce."
Ya ce, "Haka ne," ya koma kan hularsa.

Ban yi ƙarya ba.
Amma wanda ya roƙe ka ruwa
ka miƙa masa moɗa wayam, me ka ba shi?

Babana Barmo, da ya zama Irimiya
ran da aka tsoma shi a rafi can wajen Ƙafur,
bai san baƙi ba sai da furfura ta fito.
Yakan ɗaure Littafi a bayan keke da tsumma,
ƙauye zuwa ƙauye, har taya ta suɗe.
Wani gida a ba shi fura, wani a sako masa kare,
ya dawo da yagaggen wando yana dariya.
Shi ke ce mini,
"Ba ran da ruwa ya sauka ake zuwa maƙera ba."

Ga ni ɗansa, mai takardar sakandare.
Kullum kafin in ja ƙyaure
sai na zura zare a allura uku,
fari, baƙi, shuɗi,
saboda mai yagaggen aljihu da zai zo yana sauri.
Na yi wa ɓarakar riga tanadi,
ta zuciyar maƙwabcina ta same ni hannu rabbana.

Ya Yesu, ba muryar lasifika nake roƙo ba,
ba kuma nasarar gardama a bakin titi ba.
Ka kwance mini harshe kawai in faɗi abin da na sani:
an rufe ka da dutse, ka fito,
don haka 'yata ajiya ce a hannunka, ba asara ba.
In ya karɓa, kai ne. In ya ƙi, maƙwabcina ne har gobe.
Bashin da ke wuyana shi ne faɗi.

Yau da sassafe na sayo shayi kofi biyu,
hannuna na rawa har ɗaya ya zube rabi.
Na ce, "Lurwanu, tambayar nan taka ta bara,
amsar da na ba ka guntuwa ce."

Ya daɗe yana duban kofin.
Sannan ya kwashe huluna daga kan benci,
ya kaɗe wurin da tafin hannu.
"Na san guntuwa ce," in ji shi. "Zauna."