Abin da Dutse Ke Faɗa Kafin Ya Sauko

Kwana uku marka ba ta ɗaga ba.
Daren na huɗu ta ɗauke,
muka ce to, hanya ta buɗe.
Nomau ya tofar da tuƙar goro,
ya ce, "Ruwan da ya sauka bai tafi ko'ina ba.
Yana cikin ƙasa, yana kwance mata ɗaurin gindi."

Shekara talatin yana korar jakuna
ta kwazazzabon bayan Kwatarkwashi,
gero a tafiya, gishiri a dawowa,
ko akumari bai taɓa bari a hanya ba.

Mu kuwa sauri muke,
ranar kasuwa ba ta jiran tsoho.
Ni da Jatau, da Barmo mai rediyo,
da awaki huɗu a igiya guda.

Ya biyo mu har bakin gari, takalmi ɗaya a hannu:
"In rafi ya yi ja kamar wurin yanka, ku dakata.
In ya ɗauke ana tsakar damina, ku gudu,
wani abu ya tare shi a sama,
kuma ba zai riƙe ba.
Ku dubi marke, ko ya sunkuya kamar mai ruku'u.
Ku dubi ƙasa, ko ta tsage.
Tsakuwa in ta gangaro ba wanda ya taɓa ta,
sallama ce, mai gidan na tafe.
Kada ku ƙetare gangare a dunƙule,
ɗaya ya wuce, biyu su zuba ido.
Kuma ku gaya wa Hassu ta inda kuka bi."

Barmo ya ce, "Baba, dutse ne fa, ba kura ba."
Amma ya leƙa ya gaya wa Hassu,
don ya samu zaman lafiya.

Hantsi muka kai inda masu gawayi
suka aske tudun bara da rani.
Kututture, kututture, kututture.
Na tsaya gyara igiya, sai na ji abin da babu:
rafin ya yi shiru.
Baƙar akuya ta kafe ƙafa.

Jatau ya wuce shi kaɗai, ya ɗaga hannu.
Barmo ya shiga, rediyo na ba da farashin taki.

Ba tsawa ba ce.
Tsawa daga sama take zuwa.
Wannan ta tafin ƙafa ta shigo,
kamar injin niƙa a cikin ƙasa.
Tudu ya saki jikinsa gaba ɗaya,
laka da dutse da saiwa,
ƙamshin sabon kabari ya cika hanci.

Da ya lafa, ba hanya, ba Barmo.
Sai dai idona bai bar shi ba ko ƙiftawa:
can, kusa da farin dutsen nan.
Muka tona da sanda, sanda ta karye,
muka tona da farce.
Hular farko. Kunne. Baki cike da ƙasa.
Jatau ya sa yatsa ya ƙwaƙule,
Barmo ya yi tari,
tarin da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Ƙafarsa na ƙarƙashin abin da mutum biyu ba sa ɗagawa.
La'asar sakaliya muka ji muryoyi,
mutum tara da magirbi da tabarya,
Hassu a gaba, zane ɗaure a ƙugu.

Nomau bai ce "na faɗa muku" ba.
Ya riƙe masa ƙwaryar kunu har ya shanye.

Bana shekara sha ɗaya.
Nomau na kwance gabas da gari.
Barmo na jan ƙafa, yana sai da batir a rumfa.
Ni ne yanzu ke bin samari har bakin gari,
suna bisa babur, injin na kuka,
ina ɗaga murya kan maganar rafi da tsakuwa.
Ɗaya ya kan waiwayo.
Don shi nake faɗa.