Gidan Haya a Cikin Ƙarfe

Ran da na fara, watan Afrilu ne,
rana na narka kwalta a Ƙofar Ƙaura,
amma Injiniya Mannir ya miƙo mini rigar sanyi,
ya ce, "Sa, Nafi'u. Ciki ba garinku ba ne."

Ƙofa ta karanta yatsana, ta buɗe.
Akwatunan ƙarfe a jere, sun ɗara ni tsayi,
korayen fitilu na ƙifta ido kamar masu gulma,
fankoki na gurnani ba numfasawa.
Na sunkuya zan cire takalmi.
Ya yi dariya: "Ba masallaci ka shigo ba."

Ya dafa sabar guda, ya ce, "Nawa ka gani?"
Na ce ɗaya.
Ya ce, "Sha bakwai.
Jiki ɗaya, kwamfuta sha bakwai a cikinsa,
kowacce za ta dafa littafi ita kaɗai ce a gidan."

Kwana uku ina gyaɗa kai, kan babu komai.
Sai a na huɗu, ina cin awara a bakin get,
gidan Gwaggo Hinde na Rafukka ya faɗo mini:
rijiya ɗaya, mita ɗaya, ɗaki tara,
kowa da kwaɗonsa, kowa da labulensa.
Tela bai san me nas ta dafa ba,
nas ba ta san bashin malamin firamare ba,
Gwaggo na zaune a zaure da makullai a haɓar zane,
ita ta san guga nawa kowa ya ja.

Na koma ciki da gudu, bakina duk yaji.
Na ce na gane.
Ya ce, "To, ga kujera. Raba."

Na raba kuwa, rabon ɗan da bai san kasuwa ba.
Wannan ya nemi ƙwaƙwalwa, na ba shi ninki,
wancan ya nemi ma'aji, na ce ɗebi son ranka.
Na yi alkawarin ruwan da ya fi rijiyar.
Sati biyu shiru, har na fara tafiya da ƙafaɗa.

Sai ƙarshen wata, daren lissafin albashi.
'Yan haya sha bakwai suka fito da guga lokaci guda.
Kore ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja.
Waya ta ɗauki kuka.
A ɗakin da ake rawar ɗari
gumi ya jiƙa mini rigar aro.

Injiniya bai ɗaga murya ba.
Ya ajiye kofin shayi nesa da wayoyi,
ya ja kujera kusa da tawa.
"Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotonsa yadda yake,
don ka san hanyar komawa.
Yanzu kwashe biyar, kai su sabar ta uku.
A hankali. Kada ka tashe su."

Ban taɓa ganin ƙaura irin wannan ba:
a ɗauke mutum da gadonsa da mafarkinsa,
a tsallaka da shi wani gida,
ya juya kwanciya kawai, ya ci gaba da minshari.
Layin nan ya rarrafa a allo,
sittin, saba'in da uku, ya tsaya,
zuciyata ta tsaya tare da shi,
sannan ɗari.

Ja ya huce.
Bai ce na yi ƙoƙari ba.
Ya ce, "Rubuta abin da ka yi, har da wautar."
Na cika shafi biyu.

Da asuba na fito, zafi ya rungume ni kamar ɗan'uwa.
Na biya ta Rafukka, Gwaggo na shara.
Ta ce, "Wai kai aikin me kake yi a firjin nan?"
Na ce, "Irin naki ne, Gwaggo."
Ta dogara tsintsiya, ta dube ni sama da ƙasa.
Ta ce, "Naka suna biya a kan lokaci?"