Gammon Kirfa

Laure ta zo hutu daga Yamai
da wata takarda ninke a aljihun jaka.
Ta ce, "Kaka, wannan mai sauƙi ne, ko yaro ya iya."
Na dube ta sama da ƙasa.
Shekara talatin da ɗoriya ina suyar masa a Bagalam,
ban taɓa gamuwa da garin da ya ce shi mai sauƙi ne ba.

Fulawa kwano ɗaya da rabi.
Madara mai ɗumin ruwan wankan jinjiri.
Yis cokali guda,
gishiri abin da yatsa uku suka tsinta,
ƙwai ɗaya, na fitinanniyar kazar nan
da ke kwana bisa katanga.

Kirfar kuwa a babbar kasuwa na sayo ta,
ta dala ashirin, wurin Illa mai kayan yaji.
Ya ce, "Shayi ne ko magani?"
Na ce, "Burodi."
Ya riƙe canjina a hannu, yana kallona
kamar na ce zan yi wa akuya kitso.

Na daka ta, na tankaɗe, na yi atishawa bakwai.
Muka murza kwaɓin har ya daina kama hannu,
muka lulluɓe shi da tsohon kallabina.
Sa'a guda ba wanda ya taɓa shi.
Da muka buɗe ya kumbura ya yi suntum,
sai ka ce kumatun yaron da aka hana fita.

Kwalbar man gyaɗa ta zama muciyar birni.
Laure ta shimfiɗa shi fale-fale,
ta shafe da man shanu,
ta barbaɗa sukari da kirfa har gefe,
ta naɗe a hankali,
yadda ake naɗe tabarma bayan baƙo ya tafi.
Ba ta yarda da wuƙa ba, da zare ta yanka.
Goma sha biyu suka zauna a faranti,
kowane da naɗinsa.
Na ce, "Ashe gammo muke yi tun safe."

Nan wuta ta ɗauke.

Ƙaramar tandar da uwarta ta aiko
ta yi tsit, jan idonta ya mutu.
Laure ta juya takarda gaba, ta juya baya.
Takarda ba ta ce komai ba.

Na ce, "Tashi ki miƙo min tukunyar suna,
da yashin gulbin nan da magina suka rage."
Yashi a ƙasa, faranti a kai,
garwashi a gindi, garwashi bisa murfi.
Ba agogo. Hanci ne agogo.

Ƙamshi ya haura katanga bai yi sallama ba.
Tsahara ta leƙo: "Wa ake wa gara ban ji ba?"
Nomau, wanda likita ya raba da zaƙi tun bara,
ya shigo madafa sau uku neman rediyonsa,
rediyon na rataye a kafaɗarsa.

Uku sun ƙone a gindi, ban ɓoye ba,
ɓarin da na cika wa wuta ne.
Sauran kuwa, in ka ja bakin naɗin
sai ya biyo ka yana warwarewa,
laushi kan laushi, tururi na fita,
har ka kai cibiyar, inda zaƙin ya taru ya yi duhu.

Muka ƙirga: tara masu kyau.
Na je wanke hannu, na dawo: takwas.
Nomau na can gindin dalbejiya yana sauraren labarai,
da ƙwayar sukari a gemunsa.

Da dare na ga Laure da alƙalami
tana ƙara layi a ƙasan takarda:
yashi, gawayi, hancin Kaka.
Na bari har ta kusa barci
kafin na ce, ƙasa-ƙasa,
"Yis ɗin nan, cokali nawa kika ce?"