Oba-oba

Ranar Laraba, bayan la'asar,
a garejinmu na hanyar Zango,
Baba ya shigo da tsohuwar Landirobarsa, hancinta duk taɓo.
Bai dube ni ba. Maigidana ya duba, Malam Nalado:
"A ce wa yaron nan ya kafa mini eriya."

Yaron nan ni ne.
Shekarata ashirin da shida, ɗan fari,
tun ranar da aka yanka ragona
sunana bai taɓa kwana a bakinsa ba.

Allurar shanu yake kaiwa rugage,
can bayan Ɓaure, inda wayar hannu
ke komawa dutse a cikin aljihu.
Bara yashin rafi ya haɗiye masa taya biyu,
ya kwana nan, shi da akwatin ƙanƙara yana narkewa,
mu a Daura muna ƙirga fitilun motocin wasu.

Na zaɓi kafaɗarta ta baya,
gefen tayar ko-ta-kwana.
Na huda. Ƙarfe ya yi tsuwa, ya zubo da gari mai zafi.
Na kankare fenti har jikinta ya fito fari fat,
don Nalado ya sha faɗa mini:
eriyar da ba ta taɓa naman mota ba, kurma ce,
fenti ado ne, amma shamaki ne.

Noti biyu, sifana mai lamba sha bakwai,
sai sifirin a gindi,
don in reshen aduwa ya kai mata mari
ta rusuna, ta wuce, ta miƙe.
Wadda ba ta iya rusunawa
a ƙaya ake tsinto ta.

Na bi da waya ƙarƙashin kujera,
inda na tarar da ɓawon goro, da tsohon carbi,
da katin makarantata na aji huɗu
an naɗe shi cikin leda.
Na mayar yadda na gan shi.
Na kauce wa ƙofa kada ta cije wayar,
na kauce wa zafin inji,
ja ga batir, baƙi ga jiki, fiyus a tsakani.

Muka fita fili, nesa da katanga da turakun lantarki.
Allurar mita ta haye cikin ja:
magana na komowa ciki, ba ta fita.
Na rage tsinin eriya faɗin farce.
Na sake ragewa.
Allura ta sauko a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa.

Sitiyari na kalla na yi wa bayani, ba shi ba:
"A danna, a yi magana, a ce oba, a saki.
Muddin ana danne, ba a jin kowa."
Ya gyaɗa wa sitiyarin kai.

Ya ja mota ya nufi arewa don gwaji,
eriya na lilo a bayansa kamar karan dawa ɗaya
da aka manta a gona.
Na zauna gaban rediyon gareji,
tana ta soya ƙosai ba kasko, ba mai.

Gab da magariba murya ta keto:
"Yaro, yaro, ana ji na? Oba."

Kafin in kai hannu, wani direban tirela
daga wajen Kwangwalam ya shigo da dariya:
"Wane yaron, dattijo?
Mu bakwai ne a layin nan, duk 'ya'yan wasu.
Kira sunan wanda kake nema. Oba."

Shiru.
Ƙosai ya ci gaba da soyuwa.
Nalado ya ajiye buta, ya tsaya da ƙafa ɗaya a jiƙe.

Sai na ji an danna.
Numfashi. Gyaran murya. Kukan wani maraƙi can nesa.
"Mannir."
Kamar mai ɗaga tukunya daga wuta ba tsumma.
"Mannir, kana ji na? Oba."

Na ce na'am.
Na ce na'am, Baba, ina ji, ras nake ji.
Sau uku na faɗa,
kafin Nalado ya miƙo yatsa
ya nuna mini ban danna ba.