Agogon Gulizar

Ƙarfe biyun dare a iyakar Kapikule
aka sauke mu, kowa da jakarsa a gabansa
kamar 'yan tallan da kasuwa ta watse musu.

Kare na bin layi yana shinshina,
shiru ya yi shiru,
sai ga ƙas, ƙas, ƙas
daga ƙunshin tsohuwa Gulizar.

Mu da muka ci burodinta tun Istanbul
muka ja da baya.
Har da ni. Taku bakwai, na ƙirga.

Jami'i ya kwance ƙullin da yatsu biyu:
agogon marigayi mijinta ne,
za ta kai wa ɗansu a Haskovo.

Aka buga hatimi, muka koma mota.
Ta sake miƙo mini burodi.
Hannuna ya yi nauyi.