Gilashi Ga Wanda Kifi Ya Tofar

Rifkatu ta shigo shagona a Sabon Gari
ranar Talata, bayan ruwan la'asar ya ɗauke,
da takarda nannaɗe cikin ɗankwali.
Ta ce, na Babana ne.
Wani ɗan Holan ya ba shi
zamanin da suke haƙa rijiyoyi tare.
Ka sa masa katako da gilashi kafin Lahadi.

Shekara talatin da ɗaya ina yanka gilashi.
Na kewaye takardun digiri, na kewaye angwaye,
da ayoyi masu ruwan gwal,
da mamatan da ake tsoron mantawa.
Ban taɓa kewaye teku ba.

Ga shi nan, launin miyar kuka da ta kwana.
Jirgi mai ciki kamar tulu.
Can baya wani gari, jan rufi, siraran hasumiyoyi,
babu ko giginya ɗaya.
Kifin kuwa, idon sa, haƙoran kare,
gashin baki irin na tarwadar Wudil.
Mai zanen ya san bakin ruwa,
cikinsa dai labari ya ji.

Ta ce, Yunana ne.
Na ce, Yunusa, amincin Allah ya tabbata gare shi.
Sai muka yi shiru,
suna ɗaya tsaye tsakaninmu da riga biyu.

Zanen asali ya haura shekara ɗari biyar, in ji ta,
wannan jikan jikansa ne da inji ya buga.
An sa masa alkyabba mai gashin dabba a wuya
don garinsu sanyi ne,
da rawani, naɗin wanda bai taɓa zama gaban mai naɗi ba.
Shuɗin kuwa sai ka rantse
sau bakwai aka tsoma shi a Ƙofar Mata.
Ƙafafun na gane su.
Na masunci ne, ga faso, ga babban yatsa a karkace.
Wani maƙwabci ne ya tsaya masa a ɗaki mai sanyi
yana ƙirga lokacin da za a sallame shi.

Mu a gidanmu ba a zana su.
Kakana Malam Gwadabe yakan ce
fuskar annabi ta fi ƙarfin tawada.
Na yi niyyar in kife shi, in auna ta baya.

Ashe gara ta riga ni.
Daga gemu zuwa rawani rami ne,
faɗin tsohon kwabo.
Ta ci fuskar, ta bar hannuwan
biyu, a ɗage, ruwa na ɗiga daga gwiwarsu.

Ta ce, za ka iya cikewa?
Na ce, ni mai yanka ne, ba mai ƙari ba.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, bar shi.
Da ma tun ina yarinya fuskar Baba nake gani a wurin,
ranar da aka dawo da shi daga asibitin Nassarawa,
kwana uku bai san inda yake ba,
ya buɗe ido ya nemi koko.

Na yanko farar takarda na liƙa ta baya.
Ramin ya yi fari fat.
Na hura gilashi, na goge da gefen rigata,
na buga ƙananan ƙusoshi takwas,
ta tara ta lanƙwashe, na bar ta.

Asabar ta zo karɓa.
Ta taya, na yi albarka, ta ƙara, na sallama.
Ta ɗora shi kan cinya a cikin a-daidaita-sahu,
fuskar da babu tana duban titi,
kwata ta cika ta tumbatsa,
direba na zagin ramuka.

Ni kuma na koma ga bangon da nake rubuta awo.
Ƙarƙashin bashin Ɗanliti da lambar mai katako
akwai fensir ɗina:
inci goma sha shida, inci goma sha biyu.
Iyakar tekun da na taɓa riƙewa ke nan.