Salon Tarnai

Budapest, safiyar Talata.
Tururi na tashi daga tafkin wankan tsofaffi,
Dezso Tarnai na cikin ruwa iya ƙirji,
allon darar ces a kan dakalin dutse gabansa.
Baƙin dokin ya rasa kunne ɗaya tun bara.

Shekara goma sha ɗaya mai sayar da tikiti tana ganinsa,
har yau sai ta ce, "Baba, maimaita sunan."
Ya maimaita.
Ta rubuta shi da kuskure.

Alhali akwai wani birni can ƙetaren teku
inda aka taɓa ɗaukarsa a kafaɗa
daga zauren gasa har ƙofar otal.
Takalminsa ɗaya ya faɗi a hanya,
wani ya tsinta, ya ƙi mayarwa,
wai zai nuna wa jikokinsa.
Da ya dawo gida da ƙafa ɗaya a safa,
jarida ta ba shi layi huɗu
a ƙarƙashin farashin jan barkono.
Shafin farko na wani yaro ne
da ya ci ƙwallo da ka.

Wasiƙu ba su daina zuwa ba,
daga Indiya, daga Ajantina, masu kan sarki kala-kala.
Maƙwabciyarsa Piroska ta gama yanke hukunci:
bashi ake binsa a ƙasashen waje.

Yau wani matashi ya ratso ruwa,
gashi jiƙe, baki ba linzami,
ya ce, "Tsoho, mu taɓa?"
Suka taɓa.
A taku na goma sha bakwai yaron ya ba da sarauniya kyauta,
ya jingina da bango yana murmushi.

Dezso ya dubi allon.
Ya san wannan tarkon kamar yunwar cikinsa.
Shi ya haƙa shi, a wani ɗaki mai sanyi a Szeged,
da kyandir, da busasshen burodi,
shekarar da Ilona ta gaji da jiran ya ɗago kai
ta hau jirgin ƙasa.

"Salon Tarnai ke nan," in ji yaron,
"a waya na koya. Mutumin gwani ne.
Ya daɗe da mutuwa."

Dara ta ci gida.

Akwai mafita. Shi kaɗai ya san ta,
bai taɓa rubuta ta a ko'ina ba:
dokin nan mai kunne ɗaya, taku guda baya.
Hannunsa ya tashi daga ruwa yana ɗiga,
ya tsaya a sama.

Sai ya kwantar da sarkinsa a hankali,
kamar mai kwantar da jariri.

"Yaya kamanninsa?" ya tambaya.
"Dogo, ina ji," in ji yaron.

Dezso, wanda bai kai kafaɗar kowa ba a tafkin,
ya yi dariya har ruwa ya shiga bakinsa.
Ya ce, "Jera su. Mu sake."